Wa Ya Turo Miki?

Ranar Talata da hantsi mata uku na ƙungiyar masu man kaɗe ta Kumbungu suka gano babu ko ƙwandala a wayoyinsu. Ranar Litinin, wadda ta kama ranar kasuwa, mai sayen man daga Tamale ya tura wa kowace mace kuɗin aikinta na wata uku ta waya, kamar yadda aka koma yi tun bara. Mma Sibri ce ta fara zuwa shagon Rasmata, ɗan shagon katako da ke bakin kasuwa inda ake sa kuɗi a waya ana cirewa. Ta ce a ba ta sidi ɗari biyu. Rasmata ta duba, ta sake dubawa, ta ce mata asusun wayam yake. Kafin azahar Lamisi da Azara sun ji irin wannan amsa a bakin tagar.

Dukkansu ukun an kira su ranar Litinin da yamma. Wata mace ce, ta ce daga kamfanin waya take, za ta canza musu lambar sirri don kada ɓarayi su shiga. Ta gaya musu abin da za su danna, suka danna. Ba su yi shakka ba, domin tun ranar Asabar wani saƙon murya ke yawo a zauren matan na waya. Saƙon ya ce jiya a kasuwar Tolon an kwashe wa mata goma sha ɗaya kuɗinsu, kuma masu shagunan cire kuɗi ne ke sayar wa ɓarayi lambobin mutane. Ya ce kamfani zai kira kowa ya gyara masa asusunsa, a ba da haɗin kai. A ƙarshe ya ce duk mai shagon da ta ce maganar ƙarya ce, a sani da ita ake ci.

Rasmata ta ce ƙarya ce, tun ranar Asabar ɗin. Ta faɗa wa duk wadda ta zo tagarta cewa kamfani ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirri. Ranar Talata da la'asar hotonta ya shiga wayoyi, tana tsaye a gaban shagon, an zagaye fuskarta da jan layi. Magajiya Adisa, shugabar matan kasuwa, ba ta jira 'yan sanda ba, waɗanda suka karɓi ƙara suka ce amsar kamfani takan ɗauki makonni. Ta yanke cewa ranar kasuwa mai zuwa, wato Lahadi, za a ɗauke shagon a fitar da shi, mai shagon kuma ta nemi wani garin. Rasmata 'yar Moshi ce, mijinta ya rasu, ba ta da dangi a Kumbungu da za su tsaya mata.

*

Baba Ziblim ya zo cire kuɗin fanshonsa ranar Laraba da safe. Shekara ashirin da bakwai ya yi a gandun dajin Mole yana bin sawun giwaye da na masu harbinsu. Tun da ya dawo gida, shi ake kira in akuya ta ɓata ko an tura babur daga ƙofar masallaci. Ya tarar babu layi a bakin taga. Rasmata tana wanke kashin shanun da aka shafa mata a jikin katako, ta buɗe shago kamar kullum, ta ma kafa lemarta.

"Jikata, an yi miki sabon fenti ne?" in ji shi. Dagomba suna ɗaukar Moshi jikokinsu, wasan da ke tsakaninsu kuwa ba ya duba ranar baƙin ciki.

"Dangin naka ne, Kaka. Abin da ke cikin kansu suka kawo min."

Ya ce da ta rufe na kwana biyu har ƙura ta lafa. Ta ce ranar da ta rufe ita ce ranar da ta amsa laifi, kuma in an zo ɗaukar shagon ran Lahadi, a cikinsa za a same ta, sai a ɗauka da ita. Ta ƙirga masa kuɗinsa, ta riƙe ba ta miƙa ba.

"Akuyar wani ta ɓata kana tafiya har Savelugu a ƙafa. Sunana bai kai akuya ba?"

"Akuya tana taka ƙasa. Wannan abin a iska yake tafiya."

"Hannu ne ke tura shi. Kowane hannu da mai shi."

Ziblim ya karɓi kuɗinsa. Wayarsa ƙarama ce mai madannai, ba ta ɗaukar hoto, don haka ya ce ta nuna masa hoton a tata. Ya daɗe yana kallo. A hoton, shagon yana ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Ya ɗaga kai: kututture kawai ya rage, tun farkon damina iska ta karya bishiyar aka sare ta. Duk wanda ke cikin gari, in yana son hoton Rasmata, zai tsaya daga can gefe ya ɗauki sabo. Wanda ya yi wannan aiki tsohon hoto ne a hannunsa.

*

Magajiya Adisa tana rumfar da ake suyar ƙwarar kaɗe, tana duba wuta. Ziblim ya durƙusa suka gaisa doguwar gaisuwa, sannan ya tambaye ta wa ya turo mata saƙon nan na ranar Asabar. Ta ce kowa ya turo. Ta ce har 'yar ƙanwarta da ke dako a Kumasi ta turo mata shi, da hoton ma, abin da ya kai Kumasi kuwa ba za a ce a Kumbungu aka ƙirƙire shi ba.

"Na fari nake tambaya, Magajiya. Wanda ya fara shigowa wayarki."

"Kai Ziblim, tsufa ya sa ka zama ɗan sanda? Ko ko Bamoshiyar ta yi maka tuwo ne?"

"Tuwon Moshi ai sai jikoki. Wa ya turo miki?"

Ta kira wata mata ta duba mata. Ticha Sayibu ne, malamin firamare, kuma muryarsa ce a saƙon, wannan kowa ya sani. Ta ƙara da cewa ya bi duk abin da zai bi, amma ran Lahadi da hantsi babur mai ƙafa uku na ɗanta Imoro zai zo ya ɗauki shagon.

Sayibu ya fito daga aji da alli a hannu. Ziblim ya gaya masa abin da ya kawo shi. Ya ce shi ba shi ya haɗa maganar ba. A rubuce take zuwa masa da Turanci, shi kuma ya karanta da Dagbani ya tura wa iyaye mata, tunda yawancinsu ba sa karatu. Shekara uku yana wannan aiki, ba wanda ya taɓa biyansa. Shi ya karanta musu na lambar da in ka amsa jini zai fito maka ta kunne, da na shinkafar roba, da na allurar da ake sakawa a kujerar mota.

Ziblim ya tambaye shi ko a cikin waɗannan akwai wanda ya taɓa bincikawa.

"Baba, in gaskiya ne na ceci mutane. In ƙarya ne, me aka rasa?"

"Je ka tambayi Mma Sibri. Ka ce jiya a kasuwar Tolon. Ran Asabar ka faɗa, jiyanta Juma'a ke nan. Matarka ba a Tolon take sayar da daddawa ba? Ta je kasuwa ran Juma'a?"

Sayibu ya ƙirga da yatsu, kwana shida-shida kamar yadda kasuwannin ƙasar ke zagayawa. Ya tsaya a yatsa na huɗu. Ran Juma'ar nan Tolon ba ta ci ba, matarsa a gida ta wuni. Ya ce bai yi tunanin wannan ba. Ziblim ya ce mata arba'in ne a zauren, kowace ta san ranakun kasuwa fiye da ranar haihuwar 'ya'yanta, kuma babu wadda ta yi tunanin. Sayibu ya buɗe waya ya nuna masa: rubutun daga wani tela ya zo, Yahuza, a Tamale. Hoton ma daga gare shi.

*

Ranar Alhamis ya zauna da matan uku, kowace a gidanta. Lamisi da Azara labarinsu ɗaya ne. Mai kiran tana magana ta hanci, Dagbaninta a karye kamar na mutanen kudu, tana cusa Turanci. Abin da ya sa suka yarda shi ne ta faɗi cikakken sunan da aka yi rajistar layin da shi. Na Lamisi sunanta ne har da na mahaifinta. Na Azara kuwa sunan wanta ne da ke Yendi, wanda ko maƙwabta ba su san da shi aka yi ba, amma matar ta karanto shi tiryan-tiryan.

Mma Sibri tana shanya kuɓewa a tsakar gida. Haushinta biyu ne. Na fari kuɗin. Na biyu, ta ji sauran suna cewa an karanto musu suna, ita kuwa ba a yi mata wannan karamcin ba.

"Ni ce min ta yi layin da sunan namiji yake. Ta fara, sai ta tsaya. Ta ce, 'Mama, ke ki faɗa min sunan.' Na ce ke da takarda ke gabanki, ni zan faɗa miki? Ta ce doka ce. Na ce Imoro Alasan. Ta ce, 'E, shi ne.' Ko ɓarauniya ma ta raina ni."

Ziblim ya tambaya me ya haɗa layinta da ɗan Magajiya. Ta ce lokacin da aka ce kowa ya yi rajista da katin ƙasa nata bai fito ba, Imoro ya yi mata da nasa.

Ya sami Imoro a tasha yana ɗaure buhunan gawayi. Mutum ne mai saurin fushi, ya yar da igiya ya ce in ana neman wanda za a liƙa wa don a wanke baƙuwa, a nemi wani. Ya ce tsofaffi biyar ya yi wa rajista, saboda Allah. Ran Litinin kuwa yana hanyar Yendi da doya, taya ta fashe masa sau biyu, mai faci na nan da ransa. Ziblim ya tura aka tambayi mai facin, maganar ta tabbata. Ya bar tashar bai ƙaru da komai ba sai ƙurar gawayi a rigarsa. Abu ɗaya dai ya tsaya masa: me zai sa mai karanta takarda ta karanta suna biyu, ta tsaya a na uku?

*

Da safiyar Juma'a ya hau mota zuwa Tamale. Rasmata ta ce ya kira telan ta waya ya huta, ya ce a waya mutum yana iya cewa komai, shi yana son ya ga allon da idonsa. Yahuza tela ya amsa masa ba tare da ya tsayar da keke ba. Ya ce shi duk abin da ya shigo yana turawa zaure tara, ba ya ma karantawa har ƙarshe. Da aka matsa ya duba, sai ga shi daga wani direban tifa ya zo, mai ɗebo yashi daga bakin kogi a Dalun. Ziblim ya jira direban a wurin da ake juye yashi har bayan sallar Juma'a. Direban ya share hannu a wando ya nemo saƙon. Babu alamar nan da ke nuna an turo daga wani wuri, a lambar da ta turo masa aka rubuta shi. Sunan da ya ajiye lambar da shi: Afa Dokurugu mai igiya. Ya ce wani tsoho ne a Dalun da yake saya wa igiyar ɗaure tampol, ya ma yi mamakin yaushe tsohon ya koyi Turanci.

Dalun tafiyar rabin awa ce daga Kumbungu. Saƙon ya fita ta Tamale ne, ya zagayo, ya shigo gari da kayan baƙi. Ziblim ya san irin wannan tafiya. Maharbin da ke zaune a ƙauyen da ke jikin gandu ba ya shiga ta ƙofar gidansa, sai ya yi nisa ya shigo ta wani gefen.

Ya isa Dalun ranar Asabar da hantsi. Afa Dokurugu yana zaune a zaure yana tufkar igiya, idanunsa sun yi fari da yana. Ya ce e, yana da babbar waya, ɗansa ya aiko masa daga Accra, amma shi ko kiran ba ya iya amsawa. Tana hannun 'yarsa da ta zo wankan gida. A al'adar Dagomba mace in ta yi haihuwar fari takan koma gidan iyayenta har yaro ya yi tafiya, wani lokaci shekara biyu. Ya ce wata tara ke nan tana nan, ita ce idonsa.

Ta fito da ruwa a ƙwarya, da goyo a bayanta, ta durƙusa. Ziblim ya gane fuskar amma ya kasa tuna inda ya san ta. Tsohon ya ce sunanta Sanatu, ai a garinku take aure, ta yi makaranta har sakandare, ita ce ma take rubuta wa matan kaɗe sunaye da lambobi kafin ta taho.

"Matar wa ce ke, 'yata?" in ji Ziblim.

Ta sunkuyar da kai, ta yi murmushi, ba ta amsa ba. Uban ya yi dariya ya ce shi ma baƙon nan da neman magana, yaushe mace mai tarbiyya ta taɓa kama sunan mijinta? Ya ce surukar Magajiya Adisa ce, matar Imoro.

Ziblim ya sha ruwa, ya sayi igiya ɗaya da ba ya bukata, ya yi sallama. A hanya ya jera abin da ke hannunsa. Mace mai karatu, da ta san sunan rajistar kowane layi. Wadda ta bar gari kafin a sare darbejiya. Wadda ta iya karya harshenta ta zama mutuniyar kudu, amma da ta zo kan sunan mijinta bakinta ya ƙi. Kuma kowa ya manta da ita, domin mai wankan gida ba a lissafa ta cikin mutanen gari.

Da yamma ya je wa Magajiya ya ce yana son a zauna gobe kafin a taɓa shagon, kuma a aika Sanatu ta zo da tsohuwar takardar sunaye. Magajiya ta yarda nan take. A zatonta takardar za ta nuna lambobin da Rasmata ta sayar.

*

Lahadi da safe aka taru a rumfar suya. Magajiya tana kan kujera, matan uku a tabarma, Ticha Sayibu a gefe yana wasa da makullin kekensa. Imoro ya ajiye babur ɗinsa a waje da maza huɗu da za su ɗaga shagon. Sanatu ta zo da goyonta, ta gaida surukarta, ta zauna a bayanta. Rasmata ce ta zo ƙarshe. An nuna mata tabarma, ta ce a tsaye za ta ji.

Ziblim bai yi dogon bayani ba. Ya ce babu matan Tolon goma sha ɗaya, ran nan Tolon ba ta ci ba. Ya ce gargaɗin shi ne ƙofar satar, wanda ya rubuta shi shi ya shirya kiran. Sannan ya bi sawun da baya: daga Magajiya zuwa Ticha, daga Ticha zuwa tela, daga tela zuwa direban yashi, daga direba zuwa wata waya a Dalun. Da ya ambaci Dalun, Imoro ya juyo ya kalli matarsa. Ita tana gyara wa jariri hula.

Ya ciro takarda daga aljihu. Ya ce ya rubuta sunayen da aka yi rajistar layukan nan uku da su, idonsa ba ya gani sosai, Sanatu ta taimaka ta karanta wa jama'a. Ta karɓa. Ta karanta na Lamisi. Ta karanta na wan Azara. Ta yi shiru.

"Saura ɗaya," in ji Ziblim.

"To sai me?" Magajiya ta ce. "Sunan mijinta ne. So kake ta yi rashin kunya a gabana? Ba haka aka rene ta ba."

"Ni ma abin da na ce ke nan. Mma Sibri, maimaita musu yadda kuka yi da matar kamfani."

Mma Sibri ta maimaita, har da haushinta. Tana kaiwa wurin da matar ta tsaya ta ce ke ki faɗa, sai ita ma ta tsaya. Ta juya ta kalli Sanatu tun daga ɗankwali har ƙafa. Azara ta sa hannu a baki.

Magajiya ta ce wannan ba shaida ba ce, duk matan Dagomba haka suke, kuma ba za a zo rumfarta a ɓata mata gida saboda wata baƙuwa ba. Ziblim ya ce gaskiyarta, shi ba alƙali ba ne. Zai kai abin da ya samu wurin 'yan sanda, direban yashi ya yarda zai nuna wayarsa. Su kuma mai lambar za su fara ɗaukowa, wato Afa Dokurugu, makaho mai tufkar igiya, ya yi musu bayanin yadda ya rubuta Turanci.

"Kada a taɓa babana," in ji Sanatu.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce shekara huɗu tana yi wa ƙungiya rubutu, tana bin mai saye har Tamale da cikinta, ladanta ƙwarya ɗaya ta man kaɗe a ƙarshen kaka. Tana tafiya wankan gida aka mayar da biya ta waya, mai shago da ba ta taɓa ƙona hannunta a tukunyar kaɗe ba ta zauna a inuwa tana samun kaso a kan kowace mace. Wata tara, a cikin mata arba'in babu wadda ta taka Dalun da ko sabulu. Mata goma sha biyu ta kira, uku suka danna. Ta ce kuɗin suna nan kusan duka, a ƙasan kwanon kayan jariri.

Imoro ya fita waje. An ji ya ce wa mazan nan huɗu su tafi.

Magajiya ta gyara zama a kan kujera. Da ta buɗe baki, muryar shugaba ce. Ta ce magana ta ƙare a rumfar nan. Yau ɗin nan za a mayar wa kowace kuɗinta, abin da ya yi giɓi ita za ta cika. Shago ya zauna inda yake. Duk wadda ta fitar da zancen waje, ta fita daga ƙungiya. Ta dubi Rasmata ta ce ta je ta ci gaba da sana'arta, an gama.

"Ba a gama ba," in ji Rasmata. "Fuskata tana Kumasi da jan layi."

"Me kike so? In durƙusa miki?"

"Ki riƙe gwiwarki, Magajiya. Sunan surukarki ma ki riƙe, ba na bukatarsa, tana da goyo. Nawa nake so. Ki ɗauki waya ki faɗa da muryarki cewa gargaɗin ƙarya ne, Rasmata mai shago ba ta ci kuɗin kowa ba. Ki faɗi sunanki, ki faɗi nawa. Ticha ya tura duk inda ya tura na farko."

"In na ƙi fa?"

"Sai mu bi Kaka zuwa wurin 'yan sanda, ni da ke da kwanon jariri."

Magajiya ta dubi Ziblim. Shi yana duban igiyar da ke riƙe da rufin rumfar, kamar ita ta kawo shi. Sayibu ya miƙa wayarsa. Sau uku aka ɗauka. A na farko ta ce "wata mai shago", Rasmata ta ce akwai masu shago da yawa. A na biyu ta yi ƙasa da murya a wurin sunan. Na uku ya fito sarai, daƙiƙa ashirin da shida.

*

Bayan mako guda Ziblim ya bi sawun sabon saƙon, don kansa. Bai yi wahala ba. A zauren mata arba'in, goma sha ɗaya ne suka tura wa wani. Yahuza tela ya ce ya gani amma bai tura ba, babu abin tsoro a ciki, mutane ba sa son irinsa. 'Yar ƙanwar Magajiya a Kumasi ba ta ma buɗe ba. Hoton kuwa ya ji an gan shi a Techiman, an canza masa sunan gari. A bakin tagar Rasmata layi ya dawo, amma bai kai rabin na da ba, kuma matan ƙauye da ke zuwa ran kasuwa suna wucewa ta can gefe suna nuna ta da baki.

Ya gaya mata duka, bai rage ba. Ta saurara tana jera katunan waya, ta ce ta ji.

Ranar kasuwa ta gaba, tun daga tasha ya jiyo murya. Rasmata ta sayo ƙaramar lasifika irin ta masu tallar maganin ɓera, ta ɗaure ta a saman shago tana fuskantar ƙofar kasuwa. Muryar Magajiya Adisa ce ke fita, tana faɗin sunanta, tana cewa gargaɗin ƙarya ne, Rasmata mai shago ba ta ci kuɗin kowa ba. In ta kai ƙarshe sai ta koma farko. Masu doya sun tsaya da kaya a ka suna saurare. Wata tsohuwa daga ƙauye ta ji sau biyu, ta kwance bakin zaninta ta ciro waya, ta shiga layi.

Wajen azahar Magajiya ta aiko Azara ta ce a kashe abin nan haka, ya isa. Ziblim yana zaune a kan kututture yana cin goro, ya ji amsar.

"Ki ce mata ina gaishe ta," in ji Rasmata, ba ta ɗago daga wayar da take dannawa ba. "Ki ce ran da ya kai Kumasi zan kashe."

Ta miƙa hannu sama ta ƙara masa sauti.